Aku da kunkuru a gida: abinci, alamun ciwo da magungunan da ke kashe su

Aku da kunkuru ba sa nuna ciwo da wuri. A daji tsuntsun da ya langaɓe shi shaho ke fara ɗauka, don haka aku yakan daure, ya ci gaba da fito da surutunsa har sai ƙarfinsa ya ƙare. Ranar da ka tarar da shi a ƙasan keji ya kumbura gashi, to ciwon ya yi kwanaki a jikinsa, wani lokaci ma makonni. Shi kuwa kunkuru komai nasa a hankali yake tafiya, har da rashin lafiya: kurakuran abincin bara ne ke fitowa a ƙoƙon bayansa bana.

Saboda haka kayan aikin farko da mai irin waɗannan dabbobi zai saya ba magani ba ne, sikeli ne. Ƙaramin sikelin kicin mai batir, wanda ke nuna giram ɗaya ɗaya, ya isa. Baligin aku mai ruwan toka da jar wutsiya yakan kai giram 400 zuwa 550. A auna shi sau ɗaya a mako, da safe kafin ya ci komai, a rubuta a littafi. Idan aku mai giram 450 ya sauko 405, wato ya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wannan maganar likita ce a ranar, ko da yana tsalle yana gaida baƙi. Gashi yana ɓoye rama, ido ba ya ganinta. Shafa ƙirjinsa da yatsa: in ƙashin tsakiya ya fito da kaifi, naman gefe da gefe ya lotsa, ya rame. Kunkuru kuma a auna shi sau ɗaya a wata.

Aku: kafin ya shigo gida

Tun taron da aka yi a Johanesbag a 2016 aka saka wannan aku a rukunin farko na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, rukunin da ya haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ban da maganar doka, akun da aka kamo a kurmin Kamaru ko Kwango, aka cusa shi a kwando da 'yan uwansa aka yi doguwar tafiya da shi, yakan iso da firgici da cuta. Kuma tsuntsu ne da ke iya shekara 40 zuwa 60. Wanda bai shirya wannan doguwar amana ba, gara ya haƙura.

In ya riga ya shigo, a ware shi daga sauran tsuntsaye kwana 30 zuwa 45, da kwanon abincinsa daban. Kada a rataye kejinsa kusa da akurkin kaji ko ɗakin tantabaru, domin annobar kaji ta Niyukasil da murar tsuntsaye duk suna kama aku. Kejin ya kai aƙalla santimita 90 a tsawo, 60 a faɗi, 120 a tsaye, tazarar ƙarafa kada ta wuce santimita 2 da rabi. A guji sabuwar wayar raga mai ƙyalli da tsohon fenti. Aku yana tauna duk abin da bakinsa ya kai, kuma zink da dalmar da ke jikinsu guba ne: amai, yawan shan ruwa, kasala, jijjiga. Sandar tsayawa ta zama reshen itace mai kauri daban-daban, santimita 2 da rabi zuwa 4, ba bututun ƙarfe mai santsi ba. Sarƙa a ƙafa kuwa, da zarar ya firgita ya zabura, karaya ce.

Gyaɗa zalla ita ce babbar matsala

Yawancin akun da ake kai wa likita, tushen ciwonsu kwanon abinci ne. Gyaɗa da ɗanyar masara safe da yamma, shekara da shekaru. Aku yana son gyaɗa ƙwarai, amma mai ya yi mata yawa, ba ta da bitamin A, kalsiyam ɗinta kaɗan ne. Abubuwa uku ke biyo baya.

Rashin bitamin A yana busar da fatar cikin hanci da maƙogwaro. Za ka ga hanci ya toshe da wani abu mai tauri, yana yawan atishawa, fararen ƙuraje sun fito a cikin baki ko ƙarƙashin harshe. Hanyar numfashin da ta lalace haka ita ce ƙofar kowace cuta.

Rashin kalsiyam ya fi addabar wannan jinsi fiye da sauran dangoginsa. Tsuntsu yana zaune ƙalau sai ya faɗo daga kan sanda, yana karkarwa, ƙafafu sun sandare, bayan ɗan lokaci ya miƙe kamar ba abin da ya faru. Wasu sukan ɗauka iska ce ta taɓa shi. Kalsiyam ne ya yi ƙasa a jini, kuma allurar kalsiyam a hannun likita takan dawo da shi cikin gaggawa. Abin da ke hana maimaituwa shi ne abinci da rana. Jiki ba ya iya ɗaukar kalsiyam sai da bitamin D, shi kuma hasken rana ke samar da shi. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki. A fitar da keji waje da hantsi, minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a mako, a lulluɓe rabinsa don ya sami inuwar gudu. Kada a bar shi a ranar azahar, musamman a bazara.

Na uku funfuna. Gyaɗar da aka adana da danshi tana ɗauke da funfunar da ke lalata hanta, ƙurarta kuma in aku ya shaƙa tana tsirowa a huhu da jakunkunan iskar da ke cikin jikinsa. Muryar aku daga can ƙasan maƙogwaro take fitowa, inda ya rabu biyu ya shiga huhu, kuma a daidai nan funfunar take son kafuwa. Shi ya sa akun da muryarsa ta dishe, ko ya daina magana kwatsam, ba fushi yake ba. A kai shi a duba kafin hanyar ta toshe.

Ga yadda kwanon ya kamata ya kasance. Kusan rabi ganye da kayan lambu: zogale, karas, kabewa, dankalin Hausa dafaffe, jan tattasai. Kashi ɗaya cikin uku hatsi da wake: gero, dawa, masara, shinkafa, da waken da ya dahu luguf, don ɗanyen wake yana da guba. Ragowar kwanon kuma 'ya'yan itace, gwanda da mangwaro sun fi amfani. Gyaɗa ta koma tukuici, ƙwaya biyu ko uku a rana, ɓararriya, wadda kai ma za ka iya ci. A daji aku yana cin 'ya'yan kwakwar manja, don haka ɗigo uku ko huɗu na jan manja a kan abinci sau biyu a mako yana taimakawa wajen bitamin A. Don kalsiyam, a tafasa ɓawon ƙwai minti 10, a shanya, a daka ya yi laushi, a barbaɗa ɗan abin da yatsu biyu suka tsinta sau uku a mako. In ana samun haɗaɗɗen abincin aku na kamfani, shi ya fi sauƙi, sai ya zama kaso mafi yawa. Dafaffen abinci kada ya wuce awa uku a keji lokacin zafi.

Wurin da ake yin kuskure shi ne canjin. Akun da ya saba da gyaɗa yana iya zama da yunwa a gaban cikakken kwanon karas, don bai san abinci ba ne. Kada a yanke masa gyaɗa rana ɗaya. A riƙa ragewa cikin mako 4 zuwa 6, a ba da sabon abincin da sassafe lokacin da yunwa ta fi, a yanka ƙanana a cakuɗa da tsohon, a kuma ci a gabansa, domin aku da kwaikwayo yake koyon ci. Sikeli ne zai gaya maka ko yana haɗiyewa ko watsarwa kawai yake.

Abin da ba ya shiga bakinsa ko kaɗan: piya wato abokado, cakulan, goro, shayi, kofi, albasa, da duk abin da ke da gishiri ko magi. Goron muna jaddada shi, saboda baƙi sukan gutsura masa don wasa.

Iskar ɗaki ma abin lura ce, don numfashin tsuntsu ya fi namu saurin zuƙar guba. Maganin sauro na igiya, feshin kwari, fiya-fiya, turaren wuta, hayaƙin gawayi da na janareta, duk a fitar da aku kafin a kunna, kada a dawo da shi sai iska ta share ɗakin. Kaskon suya mai rufin Teflon, wato irin wanda abinci ba ya kamawa a cikinsa, in aka manta shi a kan wuta ya yi zafi fiye da kima, tururinsa yana kashe tsuntsu cikin mintuna, alhali mutanen gidan ba su ji komai ba. A hunturu kuma, tsuntsun kurmi ne ya tsinci kansa a busasshiyar iska mai ƙura. A fesa masa ruwa mai ɗumi da tsakar rana, a rufe keji da zane da dare, ya sami barcin awa 10 zuwa 12.

Duba shi kullum, da taimakon farko

Shimfiɗa takarda a ƙasan keji, kana canzawa kullum. Kashin aku kashi uku ne: kore ko ruwan ƙasa, fari, da ɗan ruwa. In farin ya koma ɗorawa ko kore shar, hanta ce. Baƙi ƙirin mai yauƙi jini ne daga ciki. Ƙwayar hatsi ta fito yadda aka haɗiye ta, ciki ba ya narkarwa. Yawan kashin ya ragu, ba ya ci. Sauran alamun gaggawa: wutsiya tana sama da ƙasa tare da numfashi, buɗe baki don shan iska, barci da rana a kan ƙafa biyu da gashi a kumbure.

Kafin a kai ga likita, ɗumi ne taimakon farko. A sa shi a ƙaramin akwati mai ramukan iska, a shimfiɗa tawul, a ajiye gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma a gefe ɗaya, zafin wurin ya kai digiri 29 zuwa 30. Ruwa da abincin da ya fi so su kasance a ƙasa kusa da shi, ko da gyaɗar ce. Ranar ciwo ba ranar gyaran abinci ba ce. Kada a ɗura masa ruwa da sirinji, ƙofar maƙogwaronsa a gindin harshe take, yana shaƙewa.

Wajen kama shi, a lulluɓe shi da tawul, babban yatsa da manuni su riƙe gefen muƙamuƙi ta baya, ɗaya hannun ya tallafi fukafukai da ƙafafu. Kada a matse ƙirji. Tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, in ka danne shi ka shaƙe shi.

Jinin jikin aku gaba ɗaya bai wuce mililita 45 ba, zubar cokalin shayi ɗaya ma abin damuwa ne. In farce ya karye, a danna garin masara ko fulawa a wurin, a riƙe minti biyu zuwa uku. Sabon gashin da ke tsirowa yana da jini a cikin karansa, in ya karye a danne haka nan, in bai tsaya ba likita zai cire shi. Wannan ne dalilin da ya sa ba a datse fiffike da almakashi a makance.

In aku yana tsige gashinsa, dubi kansa. Kai lafiya lau, ƙirji da ƙafafu tsirara, to shi ke yi da bakinsa: kaɗaici, rashin barci, busasshiyar iska ko abinci. In har kan ma ya zube, sabon gashi yana fitowa a murɗe, bakin da ya saba da farar hoda ya koma baƙi mai sheƙi, ana zargin cutar baki da gashi. Tana yaɗuwa, kuma ba ta da magani, sai a ware shi.

Akwai cuta ɗaya da aku ke sa wa mutum ta ƙurar busasshen kashinsa. Zazzaɓi, ciwon kai da busasshen tari, kwana 5 zuwa 14 bayan shaƙa. Ana iya ɗaukarta maleriya ko taifot, don haka a gaya wa likita akwai tsuntsu a gida. A tsuntsun, maganinta doxycycline ne na kwana 45 cur a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. A yayyafa ruwa kafin a share keji don kada ƙura ta tashi. A wanke shi da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 30, a ɗauraye, ya bushe a rana kafin tsuntsu ya koma.

Kunkuru

Fara da sanin wanne ne a hannunka. Babban kunkurun Sahel, mai launin yashi, da kaurin ɓawo a ƙafafun gaba da ƙayoyi a cinyoyin baya, ɗan ƙasarmu ne, daga Senigal har Eritiriya. Namiji yana iya wuce kilo 50, ya kuma haura shekara 70. Makiyayi ne, ciyawa yake ci. Akwai kuma wani ƙarami, wanda bayan ƙoƙonsa ke da gaɓa yana rufe ƙafafun baya. Shi wannan inuwa da danshi yake so, yana cin dodon koɗi, kwari, naman kaza da 'ya'yan itacen da suka faɗo. Abin da ke ƙasa game da babban ne.

Kashi 80 cikin 100 na abincinsa ciyawa ce, ɗanya da busasshiya: kiri-kiri, harkiya, guɗe-guɗe. Ragowar kashin kuma ganyen kabewa, ganyen dankali, zogale, da ɗan harawa jefi-jefi. Alayyahu kada ya zama na kullum, yana ɗaure kalsiyam. Sauran tuwo, shinkafa da miya, wake, burodi, nama: zai cinye, amma su ne ke sa shi girman gaggawa, ƙoƙo ya yi tudu-tudu, ƙoda ta gaji. 'Ya'yan itace masu zaƙi suna sa shi zawo. A barbaɗa garin ɓawon ƙwai sau biyu a mako. Ƙoƙon kunkurun da ya wuce shekara ɗaya ya kamata ya yi tauri. In ka danna ya lotsa, ko yana jan ƙafafun baya, ƙashi ne ya yi laushi saboda rashin kalsiyam ko rana. A tumɓuke tumfafiya, zaƙami da bini-da-zugu daga inda yake kiwo, a kuma tsince leda, ƙusa da robar ɗaure kaya, don yana haɗiye su hanji ya toshe.

Maganar cewa kunkuru ba ya shan ruwa ta halaka da yawa. A daji yana haƙa rami mai zurfi ya shige, danshin ramin ke kare shi. A tsakar gida mai siminti ba shi da wannan. A ajiye masa faffaɗan faranti marar zurfi. Ƙanana a jiƙa su kullum minti 15 zuwa 20 a ruwa mai ɗumi, digiri 30 zuwa 32, zurfinsa iya haɓa, kana tsaye a kansu. Manya sau ɗaya ko biyu a mako. Dubi farin abin da yake fitarwa tare da fitsari: mai laushi lafiya ne, mai tsakuwa-tsakuwa ƙishirwa ce, kuma daga nan dutse ke taruwa a mafitsara, wanda sai hoton ƙashi ke nunawa, sau da yawa sai tiyata ke fitarwa. A mafitsara yake ajiye ruwansa, shi ya sa yawan ɗaga shi da yara ke yi har ya saki fitsari don tsoro asara ce gare shi.

Wurinsa ya sami ƙasa, rana da inuwa. Katangar ta kai santimita 60, tushenta ya nutse aƙalla 30, a kuma sa ido kada ya haƙa gindin ginin laka. Ba ya iyo, don haka a rufe rijiya, kwatami da ramin masai. Maza biyu suna faɗa, wanda aka kifar a rana yana iya mutuwa kafin a ankara. Huda gefen ƙoƙo don ɗaura igiya zalunci ne: ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya. Fenti da mai ma kada a shafa.

Wannan jinsi ba ya dogon barcin lokacin sanyi irin na kunkurun ƙasashen sanyi. Daren hunturu a Kano, Zariya ko Damagaram yakan sauko ƙasa da digiri 15, to a sa shi a rufaffen ɗaki da busasshiyar ciyawa, ƙanana a shigo da su ciki. Kada a kunna masa gawayi. A kula da ɓeraye, suna gaigayar ƙafafun kunkurun da sanyi ya kashe wa jiki. Kumfa a hanci, idanu a kumbure, miƙa wuya da buɗe baki alamun ciwon huhu ne, kuma kunkuru ba ya iya tari ya fitar da majina. A ɗumama shi a kai shi asibiti. Magani ba ya aiki sosai a jikin kunkurun da ke cikin sanyi.

In ƙoƙo ya fashe, ko mota ce ko kare, a wanke da ruwan gishirin asibiti, a bi da aidin da aka tsarma har ya yi kalar shayi marar ƙarfi, a rufe da bandeji mai tsabta, a shigar da shi inda ƙuda ba zai kai ba, domin tsutsa tana ƙyanƙyashewa cikin yini ɗaya. Kada a liƙe da gam ko siminti, rufe datti ne a ciki. Macen da ke ta haƙa tana bari, ta daina ci, tana yunƙuri, ƙila ƙwai ne ya maƙale. Tana iya yin ƙwai ko babu namiji. A tanadar mata ƙasa mai laushi da ɗan danshi, zurfin rabin mita. In kwana biyu zuwa uku ba ta saka ba kuma jikinta ya mutu, sai likita.

Maganin awaki ba nasu ba ne

Wannan muke so kowa ya riƙe: duk maganin da aka rubuta ivermectin a kwalbarsa, irin su Ivomec, kada ya taɓa kunkuru, ko allura, ko ɗurawa, ko shafawa. Abin da ke fitar da tsutsa da kaska a akuya, a kunkuru ƙwaƙwalwa yake shiga, ya shanye masa jiki har numfashi. In an riga an yi, kada a yi saurin binne shi don ya daina motsi. Wasu suna farfaɗowa bayan kwanaki ko makonni in likita ya tallafa musu da ruwa da ɗumi. Kaska da hantsaki ake cire ta. Tsutsar ciki kuma sai an duba kashi a madubin asibiti, likita ya auna maganin tsutsa na fenbendazole daidai da nauyi.

Haka maganin ciwon jiki na mutane. Diclofenac da ake yi wa shanu ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya masu cin mushen shanun, ta hanyar lalata musu ƙoda, har aka hana amfani da shi ga dabbobi a can a 2006. Kada a gwada shi, ko farasitamol, a kan aku. Garin maganin kaji da ake zubawa a ruwa ma ba ya biyan buƙata: aku kaɗan yake sha, in ɗanɗano ya canza sai ya ƙaurace wa ruwan baki ɗaya.

Ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da waɗannan ba, kuma ba laifi ba ne ka tambaya kai tsaye: "Likita, ka taɓa duba irinsa?" Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, su ne wuraren da za a fara nema, kuma a san hanyarsu tun dabbar tana lafiya. Ranar tafiya a ɗauki littafin nauyi, takardar ƙasan keji ta daren jiya ko sabon kashin kunkuru a leda, samfurin abincin da yake ci, duk maganin da aka riga aka ba shi da kwalinsa, da bidiyon abin da ya faru in an ɗauka a waya. Aku ya yi tafiyar a rufaffen akwati mai duhu, kunkuru a kwali mai shimfiɗar ciyawa, cikinsa a ƙasa, ba a but ɗin mota mai zafi ba. Duk wanda ya taɓa kunkuru ko ruwan wankansa ya wanke hannu da sabulu, yara musamman, saboda ƙwayar salmonela da yake ɗauke da ita ko yana lafiya.